Ranar da na goya mussar Inna

Da muka baro ƙauyenmu na gefen Zugu saboda 'yan bindiga, muka sauka gidan yayana a Bukkuyum, Inna ta daina cin abinci. Ba ciwo take ba. A kai mata tuwo ta kawar da kai, a dama fura ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Sai ta zauna tana kallon ƙofa, jiki na ta zubewa. Rannan na matsa mata da tambaya, ta ce, "Kun kwaso tukwane har da muciya, kun bar mini mussata."

Mussa! Wannan kyanwar da na tsana kamar ciwon haƙori. Ɓarauniya ce ta gaske, tana iya buɗe faifai da hannu ta tsame kifi daga miya, ta koma gefe tana lasar baki tana kallonka. Ba ta kwana sai a kan wankakkun kaya. Haushi ya kama ni, amma na dubi wuyan Inna yadda ya rame, na ce wallahi sai na ɗauko ta. Yayana ya ce hauka nake, hanya ba lafiya. Na ce to a bar ni da haukata.

Da hantsi na samu ɗan kabu-kabu mutumin garinmu, na naɗe buhu na hau. Da muka isa, gidanmu shiru, ciyawa har bakin madafa. Ina cewa "mus, mus" sai ga ta bisa rumbu, ta yi ƙiba abinta, ko alamar kewa babu. Na yaudare ta da busasshen kifi na cafke.

Ina buɗe bakin buhu sai tsohon maƙwabcinmu, wanda ya ƙi tashi daga garin, ya leƙo ta katanga.

"Ke ɗiyar nan, yasuwa za ki yi da ita?"

"A'a Baba, wajen Inna zan kai ta."

"Cikin buhu? Ai mussar da za a yar ake sa wa buhu a ƙetare gulbi da ita. In kin yi mata haka ba ta zama gidanku, ta san an kore ta."

Na sani, haka ake yi a wajenmu, na manta ne. Kwando babu, akurkin kaji ya karye. Na tsaya ina huci, tana ta yakushina. Sai na ɗora ta a baya, na ɗaure tamau da zane kamar jinjiri, na saki hijabi a kai. Baba ya yi dariya har da tari. Ban kula shi ba.

Wannan tafiya ba zan manta da ita ba. Duk ramin da babur ya faɗa sai ta kafa mini farce a gadon baya. Ni kuwa na cije, ina jijjiga ta ina zaginta ƙasa-ƙasa. A mashigin gulbi muka sauka ana tura babur, wata mata ta ce, "Baiwar Allah, gyara goyonki, yaron nan kuka yake." Ta kai hannu za ta taimaka, sai ga wutsiya ta leƙo. Matar ta yi salati ta ja da baya. Kunya ta rufe ni, amma ban kwance ba.

Muka iso bayan la'asar, rigata duk jini-jini. Inna na zaune inda na bar ta, ga ƙwaryar fura a gabanta ba ta taɓa ba. Na durƙusa na kwance zane. Na zaci 'yar banzar za ta ruga jikin Inna ne. Ina! Ko kallon Inna ba ta yi ba, ta miƙe, ta yi hamma, ta nufi ƙwaryar kai tsaye ta tsoma baki.

"Ke! Marar kunya!" Inna ta daka mata tsawa, muryar da muka daɗe ba mu ji ba. Ta make mata kai, ta fizge ƙwaryar. "Tawa ce! Daga zuwa?"

Ta zuba mata kaɗan a murfin kwano, ita kuma Inna ta kafa kai ta shanye sauran tas. Ta goge baki, ta dube ni ina hawaye, ta ce, "Mi kike kuka? Tashi ki ɗora tuwo, yunwa muke ji."