Jinyar Tsohuwar Mota

Injin ya mutu ne a hanyar dawowa daga Takanamat, gab da la'asar. Ya daɗe yana yi mini kashedi: farin hayaƙi da safe, shan mai ba ƙaƙƙautawa, tari in an zo hawa. Ran nan ya yi wata irin ƙara, ya yi tsit. Na zaro sandar awon mai, na tarar man ya koma kamar kunu, ruwa ya shige shi. Wata motar kasuwa ce ta jawo ni da igiya har Tahoua. Ina riƙe da sitiyari, ina bin bayanta, ina jin abin da ban iya gaya wa kowa ba. Daɗi nake ji.

Mota ce mai buɗaɗɗen baya, mai tsayi daga ƙasa. Na saye ta tun ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, don in riƙa ɗauko hatsin gonata daga ƙauyenmu, can bayan Affala inda hanya take ƙarewa rairayi ya karɓa. Ban san ranar da ta zama motar gari ba. Naƙuda ta gagara, a kira ni. Maciji ya sari mutum a gona, a kira ni. Mafi nauyi shi ne wanda likita ya ce a mai da shi gida. Mutanenmu ba sa son cikawa a gadon asibiti, kowa yana so a kwantar da shi a ɗakinsa, a rufe shi kusa da iyayensa. Sai a shimfiɗa katifa a baya, wani ɗan'uwa ya riƙe kan, ni kuma in yi ta lallaɓa ramuka ina jin nishinsa. Ba a biyan wannan aiki, ba a kuma cewa a'a. Na ajiye aikin gwamnati, wannan kuwa ba inda ake ajiye shi, ga baya yana ciwo, ga ido ba kamar da ba.

Makanikin da ya saba duba ta ya leƙa, ya goge hannu, ya ce, "Malam, hanya biyu na. Ko mu buɗe shi mu ga abin da ac ciki, ko ka sai da ta ga masu hwasa mota ka huta. In na buɗe, ba ni yi maka alkawali, injin ga ya girmi ɗiyanka."

Na tambaye shi injin Kwatano fa, irin wanda ake kawowa an riga an yi aiki da shi.

Ya ce, "Wanga cinikin biri a sama na. Sai an ɗora kaka sanin abin da kas saya."

Ɗiyata da ke aiki a Yamai ta kira ni a waya. "Baba, don Allah ka rabu da ita. Ka sayar, in cika maka, ka sayi ƙarama ta cikin gari." Na ce zan yi tunani, alhali na gama tunanin tun kafin ta rufe baki. Ƙaramar mota cikinta a ƙasa yake, ba ta shiga rairayi. Masallacin Juma'a, kasuwa, gida, shi ke nan. Ba sai na ce wa kowa a'a ba, motar ce za ta faɗa a madadina. Matata ta dube ni ina cin tuwo, ta ce, "Mutum motarshi ta mutu, amma ban taɓa ganin ka buɗe ciki awa yau ba."

Ran kasuwa dattawan ƙauyenmu suka yi sallama. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, aka gaisa har aka gaji. Sai babbansu ya gyara zama ya ce, "Mun ji abin da yas samu mota. Ya mai jiki?"

Na yi dariya, na zaci ba'a ce. Ba wanda ya taya ni.

"Allah shi tashi kahwaɗunta," in ji shi. Sauran suka ce amin. Da suka tashi, na ga buhun gero jingine a zaure.

Daga nan ƙofa ba ta huta ba. Matan ƙauyen suka aiko da man shanu a kwalba da zabbi ɗaure da ƙafa. Wani makiyayi mai jin Tamashek, wanda na taɓa kai matarsa haihuwa, ya zo da akuya da cuku, ya ɗaure akuyar a turke, ya sha shayi, ya tafi bai ko ambaci mota ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya aiko da rago, da saƙon cewa ba shi da lafiya shi ya sa bai zo da kansa ba. Ba wanda ya ce mini gyara. Gaisuwa suke yi irin wadda ake yi wa gidan da ke jinya, suna ajiye gudummawa, suna tafiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A wurinmu gudummawa ba ta komawa, wanda ya mayar da ita ya ce ba shi ba zumunci ke nan. Sun san haka, na san sun sani. Na ce wa matata ko man shanun nan kada a taɓa. Ta ce, "Wanne? Wanda ka lashe kwano da shi jiya?"

Duk da haka na ƙudura sai na sayar. Na ce a raina kowa zan rama masa ran bikinsa ko sunansa, a yi ta surutu a gaji. Mai fasa motoci ya zo garejin makanikin inda motar take, ya zagaya ta, ya daki taya da ƙafa, ya ce zai dawo da babbar mota ya ɗauka. Na ce Allah ya kai mu.

Kafin ya dawo aka aiko mini cewa an kawo Kawu asibiti. Shi ya riƙe ni shekarun da mahaifina ya yi a Abijan neman kuɗi, shi ya kai ni lakwal da hannunsa. Na tarar da shi kwance, ya rame har na so in kasa gane shi. An ɗauko shi a amalanken jaki zuwa bakin hanya, daga nan aka cusa shi a motar kasuwa tsakanin buhuna. Ɗansa ya ja ni waje ya ce likita ya duba, ya ce a yi haƙuri, a kai shi gida.

Na koma na zauna a bakin gado. Ya kama hannuna.

"Ɗana, zuwa dai na zaka, amma komawa bisa buhunna ba ni iyawa. Kuma ba ni son a bizne ni nan cikin baƙi." Ya huta, ya ja numfashi. "Yaushe makanikin yac ce motarka tana tashi?"

Ban taɓa tambayar makanikin haka ba. Na dubi ɗansa, ya sunkuyar da kai. Na ji bakina ya ce, "Mako guda, Kawu."

Ya rufe ido kamar mai auna nisan tafiya. "Mako guda," ya ce. "To. Sai in yi ƙoƙari in kai."

Daga asibitin ban biya gida ba. Na tarar da makanikin ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na ce ya fito ya buɗe injin yanzu, abin da ya gani a ciki ya gani, kuma ya bar duk wani aiki.

Ya fito yana dubana. "Malam, na ce maka ba ni alkawali."

Na ce, "Ni na riga na yi."

Na jawo wata tsohuwar taya na zauna, bayana yana sara, ina kallonsa yana kwance ƙusa ta farko.