Shanun da Ba Su da Shaida

Ko shekara nawa Allah zai ara mini, ranar da aka raba gadon yayana a wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba. Ni bazawara ce, ina zaune a gidan baffana a Daura, ina sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli. Zaman ya ishe ni. Ko miya ce ta yi gishiri, sai a ce wadda ta ƙi aure ce ta yi. Burina ɗaya a duniya, in sayi ɗan gida nawa na kaina, ko ɗaki ɗaya ne da bayan gida, inda ba mai yi mini gori.

Matsalar ita ce a danginmu da an ji ƙanshin kuɗi a jikinka, kowa sai ciwonsa ya tashi. Don haka na yi dabarar da a lokacin nake ganin ba wanda ya kai ni wayo. Duk abin da na tara sai in kai wa yayana a ɓoye, ya saya mini dabba ya zuba cikin garkensa. Daga awaki muka koma tumaki, har muka kai ga shanu. Kowace aka sayo sai ya tsaga mata kunne irin tsagar nasa, don kada a gane. Ni na roƙe shi ya yi hakan. Ko matarsa na hana ya gaya wa.

Sau da yawa yakan ce in bari ya kira liman da wani dattijo su gani da idonsu. Sai in yi dariya in ce, "Haba Yaya, kai ma sai na kafa maka shaida?"

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin saƙo ya iso ni har an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar arba'in malamin da zai raba gado ya zo, aka kora garken gaba ɗaya gabansa. Na matsa kusa na ce akwai nawa a ciki. Baffana ya kalle ni kallon da har yau nake jin zafinsa, ya tambaya ko ƙuliƙulin ne ya haifi shanu.

Akwai wata jar saniya da ta saba da ni, don duk zuwana da dusa nake zo mata. Na kira ta, ta ratso garken ta zo tana lasar hannuna. Na juya ga malamin ina kuka.

Bai yi mini tsawa ba. A hankali ya ce, "'Yata, ban ce ƙarya kike yi ba. Amma saniya ba ta ba da shaida. Kawo mini ko mutum ɗaya, ki haɗa da rantsuwa."

Na dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗayan da nake da shi yana cikin ƙasa. Kuma tunda ya bar 'ya'ya maza, ko akuya ba ta faɗo a kaina ba. Wasu sun ce in tafi kotu, amma da me? In tsaya gaban alƙali ina jayayya da marayun da na goya a bayana?

Na koma Daura, ɗakin da na yi rantsuwar bari, da sabon suna: mai son cin dukiyar marayu. Wannan ya fi rashin shanun yi mini ciwo.

Na sake farawa daga kwanon gyaɗa ɗaya. Sai da furfura ta fito mini sannan na samu ɗakin nan da nake ciki, kuma ranar cinikinsa sai da na tara dattawan unguwa. Abin da na koya shi ne, mai neman tsayawa da ƙafarsa ya ɓoye abinsa daga masu roƙo, amma kada ya ɓoye shi daga masu shaida. Ni na ɓoye nawa da kyau, har ranar da na zo ɗauka ni ma ban same shi ba.