Na Baro Taubashina a Tsaunukan Kamaru

Ina yi wa masu karatu sallama. A lokacin da abin nan ya faru Turawa ba su bar ƙasar nan ba tukuna, ni kuwa saurayi ne mai gyaran keke a bakin kasuwar Kalgo. Gidanmu noman shinkafa da su ake yi, amma ni ƙarfe ya ɗauke mini hankali. Ina da taubashi a Gwandu, ɗan goggona, wanda ya ɗan girme ni. Ya yi makaranta, ya yi aure, yana aikin allurar shanu, kuma ya sayi wani tsohon babur a hannun wani Bature da zai koma gida. Idan ya tayar da shi, har mutanen Dalijan, wani gari can gefe, sai sun san ya fito. Duk lokacin da babur ɗin ya ƙi tashi ni yake kawo wa, yana tsokanata wai masunci bai san kan inji ba, ni kuma ina ce masa Bafillatani ya bar saniya ya hau ƙarfe.

A wurin makiyaya masu dawowa daga gabas ya ji labarin tsaunukan Kamaru ta Faransa, inda aka ce mutum yana tsayawa ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Tun daga nan bai sake samun sukuni ba. Da ya sami hutu a ƙarshen damina, ya zo ya ce mu je mu gani da idonmu, shi ya tuƙa, ni in riƙa gyara. Ba fatauci za mu ba, ba ziyara ba, kallo ne kawai. Mahaifina bai so ba, amma na yi ta magiya har ya ƙyale ni. Muka ɗaure galan na fetur da kayan gyara da gwado ɗaya, muka kama hanya.

Ba zan ɓoye ba, farkon tafiyar ya yi daɗi. Mun ratsa Zariya da Jos, muka haye Binuwai a jirgin fito, muka shiga ƙasar Faransa bayan jandarmomi sun gama juya takardunmu. Daga Ngaundere muka nufi wajen Banyo, a nan ƙasa ta fara tashi sama. Mu mutanen fadama ne, tudun da muka sani bai fi a hau shi da gudu ba. Sai ga hanya tana nannaɗe dutse kamar rawani, hagu bango, dama rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Inji ya riƙa shaƙewa, kunnuwana suka toshe, sanyi ya shiga mini har ƙashi. Na ce masa mun gani, ya isa, mu juya. Ya yi dariya ya ce ashe ɗan ruwa tsoron sama yake ji. Ni ma na yi dariya, na bar maganar.

Mun kai ƙololuwa bayan azahar. Mun ga abin da muka zo gani: ciyawa shar har iyakar ido, jajayen shanu can nesa, gajimare kwance a cikin kwari. Taubashina ya daɗe a tsaye yana kallo. Muna fara gangarowa gajimaren ya taso ya rufe mu, sai yayyafi, sai ƙanƙara. Hanyar ta zama laka mai santsi. Ya yi ta taka birki har na ji ƙaurinsa, ga nauyinmu da na kaya yana tura mu. A wata kwana na ji ya taka, babur bai rage gudu ba. Na ji ya yi salati. Ni na faɗa cikin ciyawa a gefen hanya, shi da babur suka wuce ƙasa.

Da ja da gindi na sauka kwazazzabon, kafaɗata ta goce, ina kiransa. Na same shi kusa da wani ɗan rafi, babur ya danne masa cinya. Da hannu ɗaya da wani reshe na ture ƙarfen. Cinyar ta karye, amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne numfashinsa, don duk ja ɗaya sai ya runtse ido, kuma akwai jini a leɓensa. Na lulluɓe shi da gwadon da ya riga ya jiƙe. Na yi ƙoƙarin goya shi, ya yi wata ƙara da har yau ba ta bar kunnena ba. Na ce zan hau in nemi mutane. Ya riƙe mini riga ya ce, "Taubashi, kada ka bar ni wurin ga ni ɗaya." Na rantse masa zan dawo, na ɓamɓare yatsunsa daga rigata, na tafi.

Ban san inda nake jefa ƙafa ba, don ko tafin hannuna da ƙyar nake gani. Kukan ɗan maraƙi na bi har na faɗa wata ruga. Da ɗan Fillancin da na tsinta a gidan goggo na yi wa mutanen rugar bayani. Ba su tambaye ni ko ni wane ne ba. Maza suka ɗauki sanduna da fatar saniya, muka koma, muka same shi da rai, jikinsa yana ɓari, haƙoransa suna haɗuwa. A kan fatar aka ɗauko shi zuwa bukkar wani dattijo, aka hura wuta. Dattijon ya ɗora cinyar, ya mayar mini da kafaɗa, amma da ya taɓa haƙarƙarinsa sai ya dube ni ya kawar da kai. Asibiti yana can ƙasa, tafiyar kwanaki a ƙafa, ruwa kuma ya cinye hanya.

Taubashina ya yi 'yan kwanaki a wannan bukka. Zazzaɓi ya kama shi, ƙirjinsa yana ƙugi. Matan rugar suna kawo madara mai ɗumi, ina ɗura masa da ludayi. Idan hankalinsa ya dawo sai ya tambaye ni ko rana ta fito, ya ce zafin Gwandu yake marmari, irin wanda yake sa mutum neman inuwa. Ya nemi gafarata don shi ya jawo ni, na ce ai da ƙafata na hau. Wata safiya bayan na idar da salla na juyo in ba shi ruwa, na tarar ya cika. Ni da dattijon muka yi masa wanka. Da farin rawanin dattijon da wani zane aka haɗa likkafani. Muka binne shi a gefen tudu, aka jera duwatsu a kai saboda kuraye.

Babur yana can a kwazazzabo, ban ko waiwaye shi ba. Na biyo masu kai shanu kasuwa har ƙasa, daga nan mota zuwa mota har gida. Ban tsaya Kalgo ba, na zarce Gwandu. Na tarar da goggo tana sheƙar gero a tsakar gida. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Na durƙusa a gabanta. Marigayin shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, ranar ma ba ta kira ba. Ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Ɗana, an yi mishi sutura?" Na ce an yi. Ta ce, "An samu masu salla?" Na ce sahu guda. Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki ta saki labule. Matarsa ce ta fasa kuka daga ciki.

Yanzu na tsufa, na ga jikoki, amma ban sake komawa can ba, kuma ko an kai ni ba zan gane kabarin ba. Na yarda ajali ne, sai dai na koyi cewa tsoron da mutum ya ji a hanya ba abin kunya ba ne, kada wasa ya sa ya haɗiye shi. Ku samari masu babura da ke marmarin ƙasashen duwatsu, ba na hana ku ganin duniya. Amma ku tambayi lokacin ruwan ƙasar da za ku, ku san inda taimako yake kafin ku hau, kuma idan na bayanku ya ce a juya, ku juya. Wanda ya dawo shi ne zai tsaya gaban uwar wanda bai dawo ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi wa taubashina addu'a, da mutanen rugar nan da suka binne baƙon da ba su san sunan ubansa ba.