Jeren Inna a Gidan Katako

Wata Asabar cikin zafin shekarar 2006, ina 'yar shekara tara, Baba ya tsayar da mota a ƙofar wani tsohon gidan katako a bayan garin Laurel da ke Amurka, ya ce mun iso sabon mazauninmu. Mama ta leƙa ta taga, ta ƙi fitowa. Ƙawayenta duk suna garin Bowie cikin sababbin gidaje, ita kuma an kawo ta gidan da ya girmi kakan kakanta.

Ni kam tun ranar gidan ya shiga raina. Manoman da suka gina shi manya-manyan gumagumai suka harhaɗa, babu ƙusa ko ɗaya, sai turakun itace da aka buga a mahaɗa, ga sawun gatari raɗau a jikinsu. Aikina ne share musu yanar gizo-gizo duk mako da shafa musu mai idan sanyi ya wuce, a na tsakiyar falo kuma aka ɗaura mini lilo. Baba injiniya ne, idan ya fara bayanin yadda kowane gungume ke ɗauke da ɗan'uwansa, shayinsa sai dai ya huce.

Da Mama ta kusa haihuwar ƙanena, sai ta kafa sharaɗi: kafin suna a rufe katakon da silin, a shafa farin fenti, kada matan Bowie su ce a rumbu take zaune. Baba ya amsa, amma har ramewa ya yi. Ni kuwa na ci kuka na ƙoshi.

Sai ga Inna, mahaifiyar Mama, daga Katsina don wankan jego. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, ta ce rabonta da irin wannan tun azarar soron mahaifinta, wanda aka rushe aka zuba siminti. Washegari ta zazzage akwatunanta, ta sa ni hawa kujera, muka yi wa mai jego jere, tasoshi a kan gumagumai, fayafayai da ludaya rataye a turaku.

Da masu aiki suka iso, Mama ta dubi Baba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na isa in ce wa Inna ta sauke jerenta? Ke ki gaya mata." Ban taɓa ganin kunyar suruka da mai ita ke murmushi haka ba. Mama ma ta kasa. Masu aiki suka sha lemo suka tafi. Ranar suna matan Bowie kallon sama suka wuni yi.

Yanzu a wani bene nake a garin Silver Spring, rufin ɗakina fari fat, babu abin da ido zai tsaya a kai, kuma ina kewar gidanmu ƙwarai. Inna ta rasu, jeren yana nan yadda ta bar shi. Mama ce ke hawa kujera ta goge shi da kanta, duk wanda ya yi zancen gyara kuwa sai ta ce uwarta ce ta ajiye su a nan. Katakon da ta so rufewa, yau shi ke riƙe mata da Inna.