Gambun Ɗakin Baba

Har gobe idan motar albasa ta wuce ta ƙofar gidana a Goronyo, warinta ya bugi hancina, sai in ajiye abin da ke hannuna. Yarana suna cewa albasar ce ke sa ni hawaye tun daga nesa, ni kuwa ina barinsu a haka, don bayanin yana da tsawo. Kai da ka zauna karanta wannan, kai zan ba labarin.

A wani ƙauye na yankin Lahodu, ƙasar Wurno, aka haife ni, a gidan manoman albasa. Da bazara ake cire ta daga fadama a jibge a kan rudu, rumfar kara da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta ratsa. A can take zama har hadari ya fara haɗuwa, sannan motoci su shigo ɗauka. Tufafinmu albasa, gashinmu albasa, furarmu ma sai ka rantse an yanka mata ita. Baba shi ne gwanin ɗaurin kaya a garin, dogo ne siriri, ga tsokana. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa ba ya kama sunana, sai dai ya ce Inna ƙarama.

Ita mahaifiyar tasa, Kaka, ita ce asibitinmu. In ka yanke ta danna maka toka, in targaɗe ne ta shafa man shanu ta ja har ka ga taurari da rana. Wanda ya faɗo daga bishiya kuwa dokarta ɗaya ce: a tashe shi tsaye nan take, a ba shi ruwa, kada jini ya kwanta masa. Muna warkewa kuwa, don faɗuwar yara ce, ita ko sai ta ƙara samun bakin magana. Ina sonta ƙwarai, har yanzu ma ina sonta, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi a labarin.

Da hantsi abin ya faru, a farkon wata damina. An cika mota da buhuna a ƙofar gida, Baba yana can ƙololuwa yana jan igiya da dukan ƙarfinsa, ina ƙasa riƙe da takalmansa. Igiyar ta tsinke. Ya taho da baya, ƙeyarsa da kafaɗarsa suka fara isa ƙasa. Ni na riga kowa zuwa kansa. Idonsa biyu, yana magana, har ya ce mini in daina kuka ina ba shi kunya gaban baƙi. Ya ce wuyansa ne kawai ke masa zafi kamar an zuba garwashi. Na dubi ƙafafunsa, na ga yatsun suna motsi, har babban nan da fartanya ta cire wa farce. Ka riƙe wannan, suna motsi.

Direban motar, wani dattijo da ya tsufa a kan hanya, ya durƙusa ya dafe kan Baba da hannu biyu, ya hana kowa matsowa. Ya ce kada a ɗaga shi, kada a ba shi ruwa. A ciro ƙyauren ɗaki, wanda mu muke kira gambu, a taru a zame shi a kai yadda yake kwance, a naɗe zane a tokare kansa dama da hagu, a ɗaure shi da rawani. Shi kuma zai sauke buhuna a shimfiɗa gambun a bayan mota. Baffa, yayan Baba, har ya juya zai shiga gida ya ciro, sai ga Kaka ta fito ba ko mayafi.

A garinmu ba a cire gambu sai don abu ɗaya. A kansa ake wa mamaci wanka. Da Kaka ta ji abin da ake shirin yi, sai ta tsaya a bakin zaure ta ware hannuwa.

"Gambu na gawa na," in ji ta. "Ɗana da rainai za ku aza ma gambu? In kun gaji da shi ku bar min abina."

Direban ya roƙe ta da Allah, ya kira ta Inna, ya ce ya sha ganin irin wannan a hanya. Ta ce shi mota ya sani, ita ta haifi yaron. Babu wanda ya goyi bayansa, don a wurinmu ba a musu da uwa a kan ɗanta, balle baƙo. Baffa ya sunkuyar da kai. Aka janye hannun direban, maza biyu suka kama Baba ta hammata suka miƙar da shi, kansa ya langaɓe gaba. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin babba ya yi ba. Kaka ta ɗura masa ruwa da ludayi, tana tofa masa addu'a, aka zaunar da shi a gaban mota kamar mai zuwa kasuwa, Baffa ya rungume shi.

Hanyar Wurno a lokacin duk ramuka ce, ga ruwan farkon damina ya riga ya cinye ta. Baffa ya gaya mini bayan na girma cewa tun ba su yi nisa ba Baba ya tambaye shi ina ƙafafunsa. Daga Wurno aka tura su Sakkwato. Likitan da ya duba shi tambaya ɗaya ya yi, wa ya zaunar da shi. Baffa ya ce dukansu ne.

Aka dawo mana da shi ba abin da ke motsi sai kai. Daminar nan duka a ɗakinsa na yi ta, ina kore masa ƙuda, ina ba shi labarin yadda gero ke tashi. Bayansa ya yi gyambo, Kaka tana wankewa tana ƙone-ƙonen turare. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Kafin a yanke gero ya rasu. Da aka ciro gambun ɗakinsa za a wuce da shi bayan gida, Kaka tana zaune a tabarma, ta bi shi da ido.

"Ashe dai sai ka hau shi," in ji ta.

Daga ranar ba ta sake taɓa ciwon kowa ba, ko yaro ne ya yanke sai ta ce a kai shi wurin uwarsa.

Yanzu ɗiyata tana koyon aikin jinya, ta karanto mini abin da ake koya musu: a riƙe kai, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ba da ruwa, a ɗauki mutum a kan abu mai ƙarfi yana kwance. Maganar direban nan ce tiryan-tiryan. Na ce mata na sani, da tsada na koya. An yi kwalta, kowa da waya a aljihu, amma motar asibiti ba ta zuwa ƙauyukanmu, hanyoyin ma yanzu da tsoro ake binsu. Wanda ya fara isa kan mai rauni shi ne likitansa, kuma hannunsa irin na Kaka ne.

Bara wani ɗan kabu-kabu ya faɗi da babur ɗinsa kusa da gidana, yaro ne matashi, yana kwance yana cewa wuyansa. Na fito da gudu, na ratsa maza na dafe kansa, na ce a ciro gambun shagon da ke gefe. Wani dattijo ya dube ni ya yi salati.

"Hajiya, mi yay yi miki da kika mai hwatan mutuwa?"

Suka janye hannuna cikin ladabi, suka miƙar da shi, suka ɗora shi a kan wani babur, mutum ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa. Lokacin da suka ɗaga shi na dubi yatsun ƙafarsa, suna motsi. Ban tambayi kowa yadda ya ƙare ba.