Jirgi Ba Sa Ba Ne

Mahaifina dillalin shanu ne, don haka na taso ina ganin in dai zancen igiya ne, babu mai koya min. A gidanmu igiyar kirki ita ce wadda za ka ja da iya ƙarfinka ta ƙi motsi. Da wannan ilimin na kama aiki a wani jirgin ruwa na dakon yashi a Dagenham, can ƙasar Turawa, wajen ƙarshen shekarun tamanin.

Wata safiya shugabanmu, wani Bature mai saurin fushi, ya ce igiyar ɗaure jirgin ta ruɓe, in je in zaɓo sabuwa. Ya ƙara da cewa in jirgin ya kuɓuce, ni ma in kama gabana. Ga matata da tsohon ciki a unguwarmu Tottenham, aikin kuma da ƙyar na same shi.

Na tafi da abokin aikina, mutumin Gana, ɗan zango. A shago na ɗora hannu kan wata mai tauri kamar sanda. Ya tuntsire da dariya.

"Malam, wannan igiya na sa ne. Jirgi ba sa ba ne. Ruwa yana tashi, yana sauka. Ɗauki wanda yana yin stretching, yana miƙewa."

Ya miƙo min ta nailan, mai santsi, wadda in ka ja sai ta biyo ka. Raina ya ɓaci. Wannan ai ko akuya ba ma ɗaurewa da ita. Muka yi ta musu har mai shago ya gaji da mu. Na dai ɗauke ta ina gunaguni, don shi a bakin teku ya girma, ni kuwa ruwan da na sani na rijiya ne.

Muka ɗaure jirgin da ita. Da la'asar iska ta taso, wani ƙaton jirgi ya wuce ya turo mana ruwa. Namu ya fizga da dukan nauyinsa. Igiyar ta miƙe, ta sirance, tana ƙara. Na fara salati. Sai ta tsaya, ta janyo shi a hankali har ya dawo gefen gaɓa.

Na zauna daɓas a kan yashi ina hamdala.

"Malam, sa ɗinka ya dawo gida," in ji abokina.

Da na koma gida, matata ta tambaye ni ya aiki. Na ce lafiya lau, ta tashe ni da wuri, gobe ma sammako zan yi.