Malama Zuwaira da Takardar Ƙosai

Bakwai saura kwata ɗan acaɓa ke ajiye Malama Zuwaira a ƙofar wata firamare da ke bayan hasumiyar Gobarau. Sai ta sayi ƙosai, ta zazzage a kwano, ta ninke guntuwar jaridar Hausar da aka ƙunso shi ciki, ta jefa jaka. Wannan watan ta ajiye alli bayan shekara talatin da biyar. Labarin takardar kuwa ya faro ne shekarar da soja suka koma bariki.

Furera 'yar aji biyar ce, muryarta ta fi ta kowa in ana karatu. Ran nan Malama ta miƙa mata littafi, ashe ba shafin da aka saba rerawa ta buɗe ba. Yarinya ta kafa ido a shafi na talatin, ta zubo na sha biyu tiryan-tiryan. Hadda ce. Shekara biyar da kunne take karatu, ba wanda ya lura.

Mahaifinta, Lado maɗinki, ya ce in ta faɗi jarrabawar ƙarshen shekara ta gama boko, ta zauna ɗinkin hula.

Hedimasta Malam Dabo ya ce, "Sababbin kansilolin nan sakamako suke tambaya. A yi mata takarda mai sauƙi, ta wuce."

"Ranka shi daɗe," in ji Malama, "wannan rage mata kaya ne. Akwai yaron da hakan ya dace da shi, amma sai an faɗa wa iyayensa ba mudu ɗaya aka auna masu ba. Furera kanta na ja."

"To a riƙa karanta mata tambayoyin."

"A lissafi zan yi haka. Tambayarta ɗaya da ta kowa, kunne ne kawai zai tsaya wa ido. Amma ba shi zai koya mata karatu ba. In na goya ta yau, wa zai goya ta a sakandare?"

"Ke dai da kafiya! Mi kike so?"

"Sati sha biyu."

Kullum aka tashi hutun tara, minti ashirin, ita da Furera a gindin darbejiya: baƙi, wasali, haɗi. Ran Alhamis sai ta fito da takardar ƙosai, abin da ba a taɓa rera wa yarinyar ba balle ta haddace, ta ƙirga kalmomin da ta karanta cikin minti ɗaya. Shida. Shida. Sati na huɗu, shida.

Ba ta ce yarinya daƙiƙiya ce ba, dabara ta canza. Suka koma yanka kalma gaɓa-gaɓa da tafi. Tara. Sha bakwai. Malam Dabo da kansa ya fara leƙowa yana tambayar nawa aka samu yau.

Ranar jarrabawar karatu takardar kowa aka ba ta, ba wanda ya karanta mata. Ta ci hamsin da huɗu cikin ɗari.

Lado bai yarda ba. Ya zo makaranta da tasa takardar ƙosan, duk maiƙo. "Karanta, ɗiyata."

"An rantsar da sababbin shugabannin ƙananan..." Ta tsaya. "Baba, nan ya yage."

Ya juya takardar, ya dube ta, ya ce, "Malama, Allah shi saka. Da hadda ce, da ta wuce yagar."

Malama Zuwaira, ke ce kika san yaron da za a gyara wa hanya, da wanda za a rage wa kaya, da wanda ƙafarsa za a ƙarfafa, ba ki taɓa ba wani maganin wani ba. Mai haƙuri, gwanar tara. Mun gode, Allah shi ba da hutu mai albarka.

Ku kuma malaman da ta bari a aji, gobe ku buɗe wa mai babbar muryar nan wani shafin daban, ku saurara.